Ko za a iya ajiye zafin rana domin maganin sanyin hunturu a Kaduna?

A kowace shekara, daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa cikin watan Fabrairu, harkokin ciniki kan sauya salo a Babbar Kasuwar Kaduna, wadda aka fi sani da Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. A wannan lokaci ne kakar masu sayar da barguna da rigunan sanyi da man shafawa ke yanke saƙa, haka ma masu gawayi da ke bakin tituna.

Da tsakar rana zafi kan kai digiri 30 ko fiye a birnin, amma kafin asuba yakan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar kan gidaje a shekarar 2018, ta ba da shawarar kada ɗumin cikin ɗaki ya gaza digiri 18 a lokacin sanyi, musamman saboda yara da tsofaffi da marasa lafiya.

Wannan ne ya sa ake tambaya: tun da ga zafi da rana har ya yi yawa, ga kuma sanyi da dare, shin babu hanyar da za a ɗebi na ranar a ajiye zuwa dare? A ƙasashen Turai masana sun shafe fiye da shekaru 30 suna gwada wata dabara ta adana zafin rana a cikin wasu sinadarai masu tsotse danshi. Abin dubawa shi ne ko dabarar ta dace da irin sanyinmu, da kuma aljihun mutanenmu.

Tsadar jin ɗumi

Ga mafi yawan jama'a, maganin sanyi bai wuce kaskon garwashi ba. Masu gadin kasuwa da masu shayi da almajirai kan hura wuta da itace ko kwalaye, iyaye mata kuma kan shigar da kurfoti cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga.

Haɗarin da ke cikin wannan iri biyu ne. Na farko shi ne gubar da gawayi ke fitarwa idan yana ci a wurin da iska ba ta shiga sosai, wato iskar kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kuma hana jini ɗaukar iskar da jiki ke buƙata, ta yadda mutum kan zarce daga barci ba tare da ya farka ba. Ban da wannan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iska a cikin gidaje, wadda akasari hayaƙin itace da gawayi da kananzir ke haddasawa, ta yi sanadin mutuwar mutane kimanin miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020.

Na biyu shi ne gobara. Iskar hunturu kan busar da komai, ta yadda tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da wutar da za ta gagari 'yan kwana-kwana. 'Yan kasuwar Kaduna ba baƙi ba ne ga wannan masifa, domin babbar kasuwar ta taɓa ƙonewa a shekarar 2000, haka kuma babbar kasuwar Sakkwato ta yi mummunar gobara a watan Janairun 2021. Dalilan gobarar kasuwanni sun bambanta, amma duk wata buɗaɗɗiyar wuta da aka rage a tsakanin rumfuna da dare, an rage haɗari.

Na'urar ɗumama ɗaki mai amfani da lantarki ba ta fitar da hayaƙi, sai dai tana shan wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya ta ƙara farashin yunit ɗaya ga masu rukunin A zuwa naira 225. A wannan farashi, ƙaramar na'ura mai shan yunit ɗaya a kowace awa za ta ci naira 1,800 a dare guda, in aka bar ta awa takwas. Wannan kuwa idan akwai wutar ke nan. A ƙarshen watan Oktoban 2024, jihohin arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan lalacewar manyan layukan da ke kai musu wuta, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna. Janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da tashin farashin iskar gas sun ƙara tura gidaje da yawa komawa ga gawayi.

Yadda dabarar take aiki

Duk wanda ya taɓa sayen sabon takalmi ko jaka ko wata na'ura a kasuwa, ya san ɗan ƙaramin ƙunshin da ake tararwa a cikin kwali, mai ɗauke da wasu ƙwayoyi kamar tsakuwar gishiri, da gargaɗin kada a ci. Sunansa silika jel, aikinsa kuma shi ne tsotse danshi don kada kaya su yi fumfuna. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, a duk lokacin da irin wannan sinadari ya tsotsi danshi, yakan saki zafi.

Mata masu haɗa sabulu sun san makamancin wannan. Da zarar an zuba soda a cikin ruwa, sai bokitin ya ɗauki zafi, ba tare da an hura wuta ba.

Dabarar tana da matakai biyu. A mataki na farko ana gasa sinadarin da zafin rana har sai duk ruwan da ke cikinsa ya fice, sannan a rufe shi ruf a cikin tanki inda danshi ba zai same shi ba. A mataki na biyu, idan ana buƙatar ɗumi, sai a bi da iska mai laima ta cikinsa. Yana tsotse laimar, yana sakin zafi, iskar kuma ta fito busasshiya da ɗuminta. Idan ya ƙoshi, sai a sake gasa shi. Ana iya maimaita haka sau ɗaruruwa.

Babbar fa'idar ita ce, ruwan zafi da aka ajiye a tanki yana hucewa a hankali komai kyawun rufinsa, amma busasshen sinadari ba ya rasa ƙarfinsa muddin danshi bai taɓa shi ba, ko da an yi wata shida.

Wanda ya fi shahara a cikin waɗannan sinadarai shi ne ziyolait. Wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, shi ya raɗa masa suna a shekarar 1756, daga kalmomin Girkanci masu ma'anar dutse mai tafasa, saboda tururin da ya ga yana fitarwa idan an gasa shi. Cike yake da ƙananan ramuka da ido ba ya iya gani, kuma yana iya shan ruwa da ya kai kusan rubu'in nauyinsa.

Inda aka gwada

A ƙarshen shekarun 1990, cibiyar binciken makamashi ta jihar Bavaria a Jamus ta girka wani tanki mai ɗauke da kilo 7,000 na ziyolait a wata makaranta da ke birnin Munich. Ana busar da shi da dare, da zafin da ake rarraba wa gidajen birnin ta bututu, da rana kuma a ɗumama azuzuwa da shi. Daga baya cibiyar ta gwada ɗaukar tan 14 na sinadarin a kan babbar mota a garin Hamm, daga wurin ƙona shara zuwa wata masana'anta mai buƙatar zafi.

A ƙasar Holan, kamfanin Cellcius, wanda ya samo asali daga jami'ar fasaha ta Eindhoven da cibiyar bincike ta TNO, yana aiki da wani gishiri mai suna fotasiyam kabonet, wanda shi ne babban abin da ke cikin ruwan tokar da aka sani a girke-girkenmu. A Suwizalan kuwa, cibiyar Empa ta yi gwaji da ruwan soda mai kauri, irin dai ta masu sabulu.

Sai dai har yanzu yawancin waɗannan ayyuka ba su wuce matakin gwaji ba. Inda dabarar ta shiga kasuwa sosai shi ne a ƙananan na'urori, kamar injinan wanke kwanuka na Bosch da Siemens, waɗanda tun shekarar 2008 suke amfani da ziyolait wajen busar da kwanuka. Ajiye zafin da zai ishi gida guda tsawon lokacin sanyi na buƙatar tan-tan na sinadarin, kuma tsadarsa ce ta hana shi yaɗuwa ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi.

Sanyin Kaduna daban yake

Masu iya magana kan ce kowane allazi da nasa amanu. Matsalar da Turawa ke neman warwarewa ita ce, rana tana samuwa a tsakiyar shekara, sanyi kuma yana zuwa bayan wata biyar ko shida, lokacin da ranar ta yi rauni. Saboda haka suna buƙatar ma'ajiyar da ba ta hucewa.

A arewacin Najeriya kuwa lokacin sanyi shi ne lokacin da babu gajimare. Kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa tana samun hasken rana da ya kai kwatankwacin yunit biyar zuwa shida na lantarki a yini. Tazarar da ke tsakanin zafi da sanyi ba ta wuce awa goma sha biyu ba. A irin wannan gajeriyar tazara, babbar fa'idar sinadarin ta rage daraja, domin ruwa ma zai iya riƙe zafi daga la'asar zuwa asuba.

Lissafi mai sauƙi zai nuna haka. Duro mai cin lita 200, idan rana ta dafa ruwansa zuwa digiri 60, zai saki zafi kwatankwacin yunit takwas kafin ya huce zuwa digiri 25. Wannan daidai yake da aikin waccan na'urar lantarki a dare guda. Ziyolait zai yi wannan aiki da kilo 40 zuwa 50 kacal, a wuri mafi ƙanƙanta, amma ruwa ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Sinadarin ba ya sakin zafi sai ya sami laima, iskar hunturu kuwa ita ce mafi bushewa a shekara, inda danshinta kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Idan babu laima a iska, dole a samar da tururi daga ruwa, shi kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya sha zafi. Kowace lita ɗaya tana shan kusan kashi biyu cikin uku na yunit kafin ta zama tururi, yayin da ziyolait ke sakin kimanin yunit ɗaya idan ya tsotse ta. Ma'ana, in daga cikin ɗakin aka ɗebo zafin da ya mai da ruwan tururi, ribar da za a samu ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Dole sai an ƙera na'urar ta yadda za ta jawo wannan zafi daga waje ko daga ƙarƙashin ƙasa, abin da zai ƙara mata tsada da wuyar gyara.

Wannan shi ne sirrin randa, amma a juye. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, domin sanyaya kayan lambu. Dabararsa ta yi nasara ne saboda busasshiyar iskar arewa tana kwashe ruwa tare da zafi. Bushewar da ta taimaki tukunyar Bah Abba, ita ce ke kawo cikas ga ma'ajiyar zafi.

Matsala ta uku ita ce gashin. Ziyolait na buƙatar zafin da ya kai digiri 130 zuwa 180 kafin ya bushe yadda ya kamata. Allon dafa ruwa da rana na yau da kullum bai cika wuce digiri 80 ba, madubai masu tara haske wuri guda kuma suna buƙatar rana tarwai, alhali hazon hunturu kan dusashe ta na kwanaki. Silika jel da wasu gishirai suna bushewa a zafi ƙasa da haka, amma zafin da suke bayarwa ma ya fi ƙanƙanta.

Inda za ta iya amfani

Wannan ba yana nufin dabarar ba ta da gurbi a arewa ba. Gurbin nata yana wuraren da ɗumi da bushewa ke da darajar da za ta biya kuɗin na'urar.

Na farko shi ne busar da amfanin gona. Jihar Kaduna na cikin manyan masu noman masara a Najeriya, kuma wani ɓangare na masarar da gyaɗa kan nuna ne tun ruwa bai gama ɗaukewa ba. Hatsin da aka adana da danshi yakan yi fumfuna mai haifar da gubar aflatoksin, wadda ke lahanta hanta, take kuma sa a ƙi kayan a kasuwannin waje. A damina iska cike take da laima, wato abin da sinadarin ke nema kyauta ne, abin da yake fitarwa kuma, busasshiyar iska mai ɗumi, shi ne ainihin abin da manomi ke nema. A nan ne ajiya mai dogon zango ke da ma'ana: a gasa sinadarin a watan Maris ko Afrilu lokacin da rana ke ƙuna, a yi amfani da shi a watan Satumba. Haka ma manyan shagunan ajiya na 'yan kasuwa, inda danshin watan Agusta ke ɓata fata da gari da magunguna.

Na biyu shi ne kiwon kaji. 'Yan tsaki na buƙatar ɗumi na kimanin digiri 32 zuwa 35 a makonsu na farko, kuma masu ƙananan gonaki da yawa da gawayi ko kananzir suke samar da shi, su kwana suna tashi duba wuta. Ɗakin kaji yana da laimar kansa daga numfashi da kashin kajin, don haka matsalar bushewar iska ta ragu.

Na uku shi ne ƙananan asibitoci. Jariri bakwaini na iya rasa ransa saboda sanyin da babba ba zai damu da shi ba, kuma ba a shigar da garwashi ɗakinsa. Ma'ajiyar zafi mara hayaƙi, wadda ba ta dogara da wutar lantarki sosai ba, na iya zama kariya ta biyu, a bayan dabarar rungume jariri a ƙirjin uwa da likitoci ke koyarwa.

Akwai kuma sanyayawa. Irin wannan sinadari, idan ya tsotsi tururi daga rufaffen mazubi, ruwan da ya rage a ciki kan yi sanyi ƙalau. A yankin da watannin zafi suka fi na sanyi yawa da tsanani, mai yiwuwa firjin da ke aiki da zafin rana ya fi na'urar ɗumama ɗaki samun masu saye.

Albarkatun gida

Idan shigo da sinadarin za a riƙa yi da dala, to maganar ta mutu tun ba a fara ba. Sai dai ana iya haɗa ziyolait daga farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin, kuma akwai ta da yawa a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta jihar Bauchi. Masu bincike a sashen injiniyan sinadarai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun daɗe suna gwajin haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ƙanƙara, akasari domin amfanin matatun mai, inda ake aiki da shi wajen tace fetur.

A Zariyar akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda tun shekarun 1980 take ƙera na'urorin dafa ruwa da busar da kaya da hasken rana. A cikin Kaduna akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha, ga kuma maƙeran Panteka, waɗanda tanki da bututu da fanka ba za su gagare su ba.

Giɓin da aka saba gani shi ne tsakanin ɗakin gwaji da kasuwa. Haɗa gram kaɗan na sinadari domin rubuta kundin digiri daban yake da samar da tan guda mai inganci iri ɗaya, a farashin da ƙungiyar manoma za ta iya biya. Wannan aiki ne da ke buƙatar jari na shekaru, da gwaji a gona da asibiti na gaske, da kuma bayyana sakamakon ko mai daɗi ne ko akasin haka.

Abin yi kafin nan

Ga magidancin da ke tunanin daren yau, amsar tana kusa da gida. Magabata sun san ajiye zafin rana tun kafin a ba shi suna. Katangar tubali mai kauri da rufin soro suna shan zafi da rana, su sake shi a hankali da dare, shi ya sa ɗakin ƙasa ke da sanyi a bazara da ɗumi a hunturu. Ginin bulo da rufin kwano mara silin kuwa yana ɗaukar zafi nan take, ya kuma huce nan take.

Sanya silin, da toshe kafofin da iska ke kutsowa, da bulon ƙasa da aka matse da inji, da tankin ruwa mai dahuwa da rana, duk abubuwa ne da aka riga aka tabbatar da amfaninsu, kuma magina da masu walda na gida za su iya yi. Hukumomin tsara birane na iya shigar da su cikin sharuɗɗan gina makarantun kwana da asibitoci da rumfunan kasuwa. Shugabannin kasuwanni kuma na iya tanadar wa masu gadi ɗaki mai silin da rigunan sanyi, wanda kuɗinsa bai kai asarar rumfa guda ba.

Wanda ya zama dole ya yi amfani da garwashi, likitoci na gargaɗin kada ya kwana da shi a rufaffen ɗaki. A fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar kafar da iska za ta shiga, wanda kuma ya ji ciwon kai ko jiri ko tashin zuciya a kusa da garwashi, to a fitar da shi waje nan da nan a nufi asibiti.

Ko sinadarai masu tsotse danshi za su taɓa zama kayan sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi, ya danganta ne da ko jami'o'i da 'yan kasuwa da gwamnatocin jihohi za su zaɓi aikin da ya dace da yanayin yankin. Alamu na nuna cewa rumbun manomi da ɗakin 'yan tsaki ne za su fara cin moriyarsu, kafin a zo ga ɗakin kwana.